Ƙasar Sin da Ƙasar Hausa: Nazari Daga Bakin Madatsar Bakalori

Gabatarwa

Abin da wannan maƙala ta ƙudura shi ne ta duba irin hulɗar da ke shiga tsakanin babbar daula mai tasowa da wani yanki na duniya wanda ya yi mata nisa, amma kuma take da bukata a cikinsa. Daular da za a yi magana a kanta ita ce ƙasar Sin, yankin kuwa shi ne ƙasar Hausa, watau arewacin Nijeriya da kudancin Jamhuriyar Nijar. Masu rubutu a kan wannan al'amari sun saba tsayawa a Bejin ko Abuja su hango mu. A nan za a juya abin, a tsaya a tsakanin Talatar Mafara da Bakura da Maradun a hango su, domin mutanen wannan wuri sun riga sun ɗanɗani abin da yarjejeniyar da aka ƙulla a nesa take iya yi wa gonar talaka.

Sunan Sin ba baƙo ba ne a bakin Bahaushe. Tun kafin a san rediyo almajirai suke jin maganar nan da ake danganta ta ga Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, wadda ke kwaɗaitar da neman ilmi ko da zai kai mutum Birnin Sin, ko da yake malaman hadisi da yawa ba su inganta ta ba. Abin lura a nan shi ne ma'anar da sunan ya ɗauka. A wancan zamani Birnin Sin shi ne iyakar nisa, wurin da ake ambata don a nuna ƙarshen duniya. Tsakaninmu da Bejin fiye da kilomita 10,000 ne. Amma yau mutum ba zai ratsa kasuwar Mafara ba tare da ya yi tuntuɓe da kayan can ba, tun daga tocila da wayar hannu har zuwa injin ban ruwa. Yadda nesa ta zo kusa, da abin da ta zo nema, shi ne abin tambaya.

Baƙin da suka riga zuwa

Sinawa ba su ne farkon daula mai tasowa da ta ƙyalla ido a kan wannan ƙasa ba. A shekarar 1824, shekara tara bayan Ingila ta gama da Napoliyon ta zama sarauniyar teku, Kyaftin Clapperton ya ratso ta Zamfara ya isa Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Bello ya karɓe shi hannu biyu, har ya rubuta wa Sarkin Ingila wasiƙa yana neman a aiko da wakili da likita, a kuma buɗe hanyar ciniki. Da Clapperton ya komo a 1826 sai ya tarar iska ta juya. Sakkwato tana yaƙi da Borno, shi kuwa yana ɗauke da wasiƙa da kyautar makamai zuwa ga Shehu Laminu. Bello ya hana shi wucewa. Daɗin daɗawa, labari ya riga ya iso fada cewa Ingilishi da ciniki suka shiga ƙasar Hindu, daga baya suka mallake ta. Clapperton ya rasu a kusa da Sakkwato cikin watan Afrilu na 1827.

Tsoron da aka yi a fadar Bello ya ɗauki shekara 76 kafin ya tabbata. A 1885 Joseph Thomson ya zo da takardar yarjejeniya a madadin kamfanin Goldie, wanda ya sami izinin sarautar Ingila a 1886 ya zama kamfanin Royal Niger. Mutanen Sakkwato sun ɗauki abin a matsayin izinin ciniki ga baƙi masu biyan kuɗin shekara, kamfanin kuwa ya kai takardar Turai ya nuna ta a matsayin shaidar mallaka. Ran 15 ga Maris 1903 sojojin Lugga suka ci Sakkwato. Akwai kuma wani abu da ba a cika koya mana ba a darasin tarihi. Sa'ad da gwamnatin Ingila ta karɓi mulki daga hannun kamfanin a farkon 1900, ta yi masa alkawarin rabin kuɗin da za a samu daga harajin ma'adinai na wani babban yanki na Arewa har tsawon shekara 99. Watau an raba abin da ke ƙarƙashin ƙasar mutane a London, shekara uku kafin a ci ƙasar da yaƙi.

Ban kawo wannan don in ce tarihi zai maimaita kansa ba. Sin ba ta aiko da soja ba, ba ta naɗa sarki ba, ba ta kuma tuɓe wani ba, kuma duk wanda ya kira abin da take yi mulkin mallaka kai tsaye ya rage wa kalmar nauyinta. Abin da na ɗauka daga labarin shi ne wannan: takarda ɗaya tana iya zama da ma'ana biyu, ɗaya a wurin wanda ya rubuta ta, ɗaya a wurin wanda aka fassara wa.

Zamanin murya da ƙuri'a

An kafa Jamhuriyar Jama'ar Sin a 1949, matalauciya, kuma a ware, domin kujerarta a Majalisar Ɗinkin Duniya tana hannun gwamnatin da ta gudu tsibirin Taiwan. Abin da take bukata daga Afirka a lokacin abu biyu ne, kunne da ƙuri'a. Don neman kunne ne Rediyon Bejin ya buɗe sashen Hausa a 1963, shekara shida bayan BBC, shekara 16 kafin Muryar Amurka. Ya kamata ɗaliban Hausa su tsaya a kan wannan. Ƙasar da a lokacin ba ta da jakada a Ikko ko Yamai ta ga ya dace ta horar da 'ya'yanta su yi magana da harshenmu, kuma har yanzu ana koyar da Hausa a Jami'ar Koyon Harsunan Waje ta Bejin. Mu kuwa mutum nawa muka tura don su koyi Sinanci su karanta abin da ake rubutawa a kanmu can?

Farkon hulɗar bai yi daɗi ba ko a wane ɓangare na iyaka. A Nijar, Sin ta ba da horon yaƙin sari-ka-noƙe ga 'yan jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakari, waɗanda suka kutsa ƙasar a 1964 don su kifar da Diori Hamani, aka murƙushe su. A Nijeriya kuma, da Tarayyar Sobiyat ta sayar wa Gwamnatin Tarayya jiragen yaƙi lokacin yaƙin basasa, sai Sin ta fito a 1968 tana nuna goyon baya ga Biyafara da fatar baki, ba don son Biyafara ba sai don gabar da ke tsakaninta da Masko. Duk da haka, ran 10 ga Fabrairu 1971 Nijeriya da Sin suka ƙulla hulɗar jakadanci. A watan Oktoba na wannan shekara aka jefa ƙuri'ar da ta mayar wa Bejin kujerarta, ƙasa 76 suka yarda, 35 suka ƙi, kuma 26 daga cikin masu yardar 'yan Afirka ne. Nijeriya ta yarda, Nijar ta ƙi. Sai a 1974, bayan Seyni Kunce ya karɓi mulki, Nijar ta koma wajen Bejin, shekarar da Janar Gowon ya kai ziyara can. Nijar ta sake komawa Taiwan a 1992 lokacin da baitulmali ya bushe, ta dawo a 1996. Wannan batu na Taiwan shi ne abu guda da Sin ba ta yin rangwame a kansa. A watan Janairu na 2017 gwamnatin Nijeriya ta umarci ofishin cinikin Taiwan ya tashi daga Abuja ya koma Ikko, a daidai ziyarar ministan harkokin wajen Sin.

Bakalori

Yanzu sai mu komo gida. A shekarar 1978 abubuwa uku suka faru waɗanda a lokacin ba wanda zai haɗa su wuri ɗaya. A Bejin, Deng Xiaoping ya soma buɗe tattalin arzikin ƙasarsa. A Ikko, gwamnatin soja ta zartar da dokar ƙasa wadda ta danƙa filaye a hannun gwamnonin jihohi. A kan gulbin Sakkwato kuma aka gama gina madatsar Bakalori.

Babu hannun Sinawa a ginin madatsar. Kamfanin Impresit na Italiya ne ya yi aikin, wani reshe na gidan Fiat masu ƙera motoci, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, da kuɗin man fetur na shekarun da aka ce matsalar Nijeriya ba samun kuɗi ba ce, yadda za a kashe su ne. Na kawo ta ne domin ita ce ma'auni mafi kusa da muke da shi na abin da ake kira babban aiki. Tafkin ya cinye kimanin hekta 8,000, ya tashi mutane wajen 13,000 daga gidajensu. Filin noman rani da aka shata ya doshi hekta 30,000 a ƙasashen Mafara da Bakura da Maradun, abin da aka gyara kuwa bai wuce kimanin 23,000 ba. Kafin a haƙa magudanai sai da aka baje gonaki da katafila, aka tumɓuke ɗorawa da kuka da tsamiya da kaɗanya, aka shafe iyakokin da kowa ya gada. Manoma da yawa sun yi damina bayan damina ba su shuka ba, diyya kuwa ta zo a makare, wani an ba shi kaɗan, wani sunansa bai ma fito ba. Sa'ad da aka mayar da filayen, wani ya tarar an kankare masa ƙasar sama mai albarka, wani an ba shi wurin da ba nasa ba.

Mutanen da ke ƙasa da madatsar, waɗanda ba su shiga lissafin kowa ba, su ma sun sha tasu. Ambaliyar da kan cika fadamu kowace shekara ta ragu, shinkafar fadama ta ja baya, su ya yi ƙaranci, noman rani na gargajiya ya raunana tun da ruwan ƙasa ya yi nisa. Ba su rasa gida ba balle a biya su, sun dai wayi gari gulbin da suka sani ya canza hali.

Daga ƙarshen 1979 manoma suka soma tare hanyoyin wurin aiki suna hana ma'aikata shiga. A ƙarshen Afrilu na 1980, watanni bakwai da komawa mulkin farar hula a ƙarƙashin Alhaji Shehu Shagari, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka auka musu, aka ƙone ƙauyuka, Birnin Tudu na cikinsu. Hukuma ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba, masu bincike masu zaman kansu suka ce 386 ne. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman yana cikin waɗanda suka tattara shaidar abin da ya faru suka buga. Daga baya ɓangaren da aka yi wa ban ruwa na feshi, mai bukatar lantarki da kayan gyara daga waje, ya tsaya cik, sai da aka ciwo bashi daga Bankin Duniya a 2014 don a gyara wannan madatsa da wasu irinta.

Me za a koya daga nan? Kamfanin ya zo neman riba, ya samu, ya tafi, kuma ba a tsammanin wani abu daban daga ɗan kwangila. Waɗanda suka sa hannu a kwangilar 'yan ƙasa ne, waɗanda suka yi lissafin diyya 'yan ƙasa ne, wanda ya ba da umarnin harbi da wanda ya harba duk 'yan ƙasa ne. Ita kanta madatsar ba sharri ba ce, don kuwa shinkafar da ake nomawa a Mafara da Bakura da ruwanta ake yi, kuma dubban gidaje da ita suke ci. Cutar tana cikin yadda aka yi, watau an tsara komai tsakanin Ikko da Italiya, mai gona shi ne na ƙarshen ji. Da wannan ma'auni nake so mu auna baƙin yau.

Zamanin kaya

Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2001, a 2010 kuma ta wuce Japan ta zama ta biyu a ƙarfin arziki. A 2000 ta kafa taronta na musamman da ƙasashen Afirka, wanda ake yi kowace shekara uku. Ayyukanta a Nijeriya sanannu ne: hanyar jirgin ƙasa ta Abuja zuwa Kaduna mai kilomita 186 da aka buɗe a 2016, ta Ikko zuwa Badun a 2021, tashar jiragen ruwa ta Lekki a 2023, da madatsar lantarki ta Zungeru. Galibi bashi ne daga bankin Sin, da sharaɗin kamfanin Sin ne zai yi aikin. A 2023 bashin da take bin Nijeriya ya kai kimanin dala miliyan dubu 5, wajen kashi ɗaya cikin takwas na bashin waje, kuma abin da Bankin Duniya ke bi ya ninka wannan. Saboda haka maganar da aka yi ta yi a 2020, cewa an jinginar da 'yancin ƙasa, ta fi ƙarfin alkaluman. Amma a 2024 wata kotu a Faransa ta ba da umarnin riƙe jiragen fadar shugaban ƙasa uku saboda rikicin da ya tashi tsakanin wani kamfanin Sin da gwamnatin Jihar Ogun, abin da ya nuna lalle sharuɗɗan da ake sa wa hannu suna da haƙora.

Mai karatu zai lura cewa babu ko ɗaya cikin waɗannan manyan ayyuka da ya zo Zamfara. Tsohuwar hanyar jirgi da Turawa suka kawo Gusau da Ƙaura Namoda a 1929 don kwasar gyaɗa da auduga tana nan yadda take. Abin da ya iso nan shi ne kaya. A 2023 cinikin ƙasashen biyu ya haura dala miliyan dubu 20, kuma kusan duka kayan can ne ke zuwa nan. Ba za a musa amfaninsu ba. Injin ban ruwa mai araha ya sa manomin da ke gefen gulbi ya daina jiran magudanar gwamnati. Wayar Tecno, ta wani kamfani da ke Shenzhen, da layinta biyu da batirinta mai daɗewa, ta sa ɗan Maradun yana jin farashin shinkafa a Gusau kafin ya ɗaura buhu a mota. Farantin hasken rana ya kai wuta inda turakun lantarki ba su taɓa zuwa ba.

Hasarar kuwa ta fi bayyana a masaƙu, kuma labarin yana da ban mamaki. Babbar masaƙar Kaduna, UNTL, wani attajiri Basine daga Hong Kong mai suna Cha Chi Ming ne ya kafa ta a 1964, ta ɗauki dubban ma'aikata, tana sayen audugar Funtuwa da Gusau. Ta tsayar da aiki a 2007, kuma atamfar da ta kore ta daga kasuwa daga Sin take zuwa. Masaƙar Gusau ma ta daɗe da yin shiru. Amma adalci ne a ce masaƙun sun soma ciwo tun kafin haka, da rashin lantarki, da tsadar baƙin mai, da tsofaffin injuna, da faɗuwar darajar naira bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986. Kuma wa ke kawo kayan? Da farko dai 'yan kasuwarmu ne na Kantin Kwari suka riƙa ɗaukar samfurin atamfa da shadda zuwa can a kwaikwaya musu, a sauke a Kwatano, a biyo ta Maraɗi ko Ƙonni, a shigo ta Jibiya ko Illela ta hanyar fasa-ƙwauri. Sai da Sinawa suka gane hanya suka zo Kano da kansu sa'an nan aka soma kuka. A 2012 hukumar shige da fice ta kama 45 daga cikinsu a Kwari, a 2015 kuma marina suka yi jerin gwano zuwa fadar Sarkin Kano.

Harshe ma ya ajiye shaidarsa. Muna da suna biyu ga ƙasa ɗaya. "Sin" ta littafi ce da rediyo, sunan girma da ya zo mana ta hanyar Larabci. "Caina" kuwa ta kasuwa ce, kuma idan aka ce abu "ɗan Caina" ne, ana nufin mai araha ne, ba ya ƙarko, har ana faɗa wa mutum marar alkawari haka cikin raha. Ɗan kasuwar da ya je Gwanzu zai gaya maka cewa a can kowane kaya hawa-hawa ne, abin da ka biya shi za a yi maka. Ashe kalmar tana faɗin wani abu game da aljihunmu da kuma masu yi mana odar kaya, ba game da masana'antar kaɗai ba.

Abin da ke ƙarƙashin ƙasa

Babbar daula ba don ta sayar da tocila take ƙetare teku ba. Muhimmancin wannan yanki a idon Sin yana cikin yawan jama'arsa, da ƙuri'unsa a majalisun duniya, da kuma, fiye da kome, abin da ke binne a cikinsa. Nijar ce misali mafi bayyana. A 2008 kamfanin mai na gwamnatin Sin, CNPC, ya karɓi rijiyoyin Agadem bayan kamfanonin Yamma sun ƙi sharaɗin gina matata. Aka buɗe matatar kusa da Damagaram a 2011, mai tace ganga 20,000 a rana, wadda man ta ya riƙa shigowa har Katsina da Kano. Aka kuma shimfiɗa bututu mai kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar teku a Jamhuriyar Benin, ya soma aiki a 2024. Sojojin da suka karɓi mulki a 2023 sun sallami sojan Faransa da na Amurka, suka karɓi dala miliyan 400 daga CNPC a kan man da ba a sayar ba tukuna, sa'an nan a watan Maris na 2025 suka kori manyan jami'an kamfanonin man Sin uku a kan bambancin albashi tsakanin baƙi da 'yan ƙasa. Ko mutum yana son mulkin soja ko ba ya so, wannan ya nuna mai ƙasa yana da abin cewa in ya ga dama, kuma wanda ya binne dukiyarsa a cikin bututu ba ya fushi ya tafi.

A Zamfara zinariya ce. Da farashinta ya hau a kasuwar duniya, manoma suka koma haƙa, suna kawo duwatsu gida ana daka su a tsakar gida. A 2010 aka gano duwatsun suna ɗauke da dalma, yara fiye da 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega. Sai kuma ta'addancin 'yan bindiga ya haɗu da harkar. A watan Afrilu na 2019 Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar, ta umarci baƙi su fice. Shekara guda bayan haka 'yan sanda suka kama Sinawa biyu a ƙauyen Kwali na Bukkuyum bisa zargin haƙa ba da izini ba. A 2023 wata jaridar London ta yi zargin cewa wasu Sinawa masu haƙar ma'adinai suna biyan 'yan bindiga don su sami shiga daji, ofishin jakadancin Sin ya ƙaryata.

A nan ma sai an yi hattara da jimla. Gwamnatin Sin daban, manyan kamfanoninta daban, ɗan kasadar da ya zo da injin haƙa guda biyu shi ma daban, kuma sau da yawa ofishin jakadancinsu ba ya da iko a kansa. Baƙon da bai san Hausa ba, bai san daji ba, ba zai kai kansa ramin zinariya a ƙasar Maradun ko Maru ba sai da ɗan gari a gaba, da takardar wani mai lasisi a aljihu, da wani mai muƙami a baya. Da ɗan gari akan ci gari. Haka kuma yawancin zinariyar da ake fitarwa a ɓoye Dubai take nufa, ba Bejin ba. Ma'adinin da Sinawa suka fi zuba jari a kansa shi ne lityam na yin batir, wanda suka buɗe masa masana'anta a Jihar Nasarawa a 2024. A wannan shekarar ce Shugaba Tinubu ya je Bejin aka ɗaga matsayin hulɗar ƙasashen biyu, a watan Disamba kuma aka ɗage hanin haƙar ma'adinai a Zamfara bayan fiye da shekara biyar.

Ɗage hanin ya mayar da mu kan tambayar Bakalori. Tsarin mulkin 1999 ya ce duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne, a Abuja ake ba da lasisi, filin da ke sama kuma yana hannun gwamna bisa dokar 1978. Manomi yana da abin da ya shuka ne kawai. Sai dai dokar ma'adinai ta 2007 ta ba shi makami biyu waɗanda kakanninsa na 1979 ba su da su. Na farko, mai neman lasisi sai ya nemi yardar mai filin ko wanda ke zaune a kansa. Na biyu, kafin a soma haƙa wajibi ne kamfani ya ƙulla rubutacciyar yarjejeniya da al'ummar wurin a kan abin da za su samu, kamar ɗaukar aiki da makaranta da asibiti da ruwan sha, a kuma sake duba ta bayan kowace shekara biyar. Da Ingilishi irin na lauyoyi aka rubuta dokar, haka nan yarjejeniyoyin, mutanen da za su dangwala yatsa a kansu kuwa da boko ko ajami suke karatu in sun yi. Wannan aiki ne da ya faɗo a kan sashenmu. Ɗalibin fassara da ke neman abin da zai rubuta kundinsa a kai yana iya ɗaukar waɗannan sassa na dokar ya mayar da su Hausa, ya samo kalmomin da za su bambanta lasisin bincike da lasisin haƙa, da kuɗin hayar fili da diyyar amfanin gona, sa'an nan ya kai fassarar Maradun ya karanta wa dagatai da masu gonaki, ya rubuta wuraren da suka tsayar da shi suka ce ya maimaita.